Yadda ake halasta kuɗin da aka sata ta intanet, da abin da ke hana su dawowa

A ranar 21 ga Fabrairun 2025 masu kutse suka kwashe kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su bitcoin da ba banki ko gwamnati ke fitarwa ba, na kimanin dala biliyan 1.5 daga kamfanin musayar kirifto na Bybit, satar da ba a taɓa yin irinta ba a wannan fanni. Hukumar FBI ta Amurka ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne kuɗin ba a ɓoye suka tafi ba. Duk mai kwamfuta yana iya zama ya kalli yadda suke fita daga wannan asusu suna faɗawa wancan, ana rarraba su a dubban wurare, ana juya wasu zuwa bitcoin. To tunda ana kallonsu, me ya hana a tare su?

Akwai wata tambayar da ta fi wannan kusa da talaka. Ɗalibi ne ko mai neman aiki, bai taɓa yi wa kowa kutse ba, bai ma san yadda ake yi ba, sai a wayi gari an rufe masa asusun banki ko an gurfanar da shi a kotu, don kawai wasu kuɗi sun kwana ɗaya a asusunsa. Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce, kuma tana cikin aikin da ke biyo bayan satar. Kutsen kansa na iya ɗaukar mintoci. Mayar da abin da aka sata ya zama kuɗin da za a kashe ba tare da an ce "ina ka samo?" ba, shi ne mai cin watanni ko shekaru, kuma ba ya yiwuwa sai da hannun mutane da yawa.

Me ake nufi da halasta kuɗin haram?

Kalmar na iya rikita mai karatu, domin kuɗin ba sa halasta. Riga kawai ake sa musu. Halasta kuɗin haram, ko wanke su kamar yadda wasu ke faɗi, shi ne duk wani aiki da ake yi don a ɓatar da asalin kuɗin da aka samu ta hanyar laifi, a sama musu labarin da banki ko hukumar haraji ko mai bincike zai yarda da shi.

A doka laifuffuka biyu ne daban. Akwai laifin asali, wato wanda ya haifar da kuɗin: kutse a banki, damfarar kamfani ta hanyar imel na bogi, kulle kwamfutocin asibiti a nemi kuɗin fansa, yaudarar soyayya, ko zuba jari na ƙarya. Sannan akwai laifin ɓoyewa, ko canja wa kuɗin wuri, ko karɓarsu alhali mutum ya san ba na gaskiya ba ne. A wasu ƙasashe ba sai ya sani tabbas ba, ya isa a nuna cewa ya yi zargi amma ya kau da kai. Shi ya sa ake iya ɗaure wanda bai taɓa ganin wanda aka damfara ba.

Wannan laifi sabo ne idan aka kwatanta da sata. Amurka ba ta mayar da shi laifin tarayya ba sai a 1986, kuma fataucin miyagun ƙwayoyi ne ya jawo hakan. Yarjejeniyar Vienna ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ita ma kan ƙwayoyin ta tsaya. A 1989 ƙasashen G7 suka kafa hukumar FATF mai hedikwata a Paris, wadda shawarwarinta 40 suka zama ma'aunin da ake auna dokokin ƙasashe da shi. Ke nan an gina tsarin ne da tunanin mai ƙwaya da buhun takardun kuɗi. Ɓarawon intanet kuwa matsalarsa wata ce daban.

Inda ɓarawon intanet ya bambanta

Masana kan kasa aikin gida uku: shigar da kuɗin cikin banki, yi musu zagaye-zagaye har sawu ya ɓace, sannan dawo da su a matsayin riba ko albashi ko gida ko jari. Ga mai fataucin ƙwaya matakin farko ne mai haɗari, domin zuwa banki da tsabar kuɗi masu yawa na jawo tambaya. A Amurka, alal misali, duk cinikin tsabar kuɗi da ya haura dala 10,000 sai banki ya kai rahotonsa.

Wanda ya yi sata ta intanet ya tsallake wannan mataki, tunda kuɗin da ya sata dama a cikin tsarin suke. Sai dai sun zo da wutsiya. Kowace tura kuɗi tana barin lamba, da lokaci, da sunan asusun da ya karɓa, kuma mai kuɗin zai farga ya kira bankinsa. Saboda haka ɓarawon yana tsere ne da agogo. Dole ya fitar da kuɗin daga asusun farko kafin a daskarar da shi, ya tsallaka da su wata ƙasa inda umarnin kotun ƙasar farko ba ya aiki, ya kuma canja musu siffa: daga dala zuwa wani kuɗin, zuwa kirifto, zuwa katin sayayya, zuwa zinare, ko zuwa tsabar kuɗi. Sau da yawa ma hanyarsa kishiyar ta mai ƙwaya ce. Mai ƙwaya na neman ya rabu da takardun kuɗi, shi kuwa su yake nema, don a nan sawu ke yankewa. Ba mamaki da masu bincike ke samun dillalai da ke haɗa ɓangarorin biyu, kowa ya karɓi abin da ɗayan ke son rabuwa da shi.

Dala miliyan 81 da suka shiga gidajen caca

Babu misalin da ya fito da wannan fili kamar satar da aka yi wa babban bankin Bangaladash. A daren Alhamis, 4 ga Fabrairun 2016, masu kutse da suka shiga kwamfutocin bankin suka aika umarni 35 ta tsarin SWIFT, wanda bankunan duniya ke tura wa juna saƙo da shi, zuwa reshen babban bankin Amurka da ke New York, inda Bangaladash ke ajiyar dalolinta. Jimillar abin da suka nema ta kusa dala biliyan ɗaya. Biyar daga cikin umarnin suka wuce, na dala miliyan 101.

Miliyan 20 sun nufi Siri Lanka, amma kuskuren harafi a sunan gidauniyar da za ta karɓa ya sa wani banki a hanya ya tsaya tambaya, aka mayar da su. Sauran miliyan 81 suka sauka a asusu huɗu a wani reshen bankin RCBC da ke Manila a ƙasar Filifin. An buɗe asusun nan tun watan Mayun 2015 da sunayen ƙarya, aka bar su suna jiran ranarsu. Wato an shirya hanyar fita watanni tara kafin satar.

Zaɓin ranar ma ba a banza aka yi ba. Hutun ƙarshen mako a Bangaladash Juma'a da Asabar ne. A New York Asabar da Lahadi ne. Litinin 8 ga wata kuma hutun sabuwar shekarar Sinawa ce a Filifin. Duk lokacin da wani ya ɗaga waya, ofishin da yake nema a rufe yake. Kafin saƙon dakatarwa ya yi aiki, an cire kuɗin, an juya mafi yawansu zuwa kuɗin Filifin ta hannun wani kamfanin canji, an kai gidajen caca, an sayi kwalayen da ake wasa da su. A wancan lokacin dokar yaƙi da halasta kuɗin haram ta Filifin ba ta shafi gidajen caca ba, don haka babu wajibcin su kai rahoto. Wanda ya sayi kwalayen, ya ɗan taɓa wasa, ya mayar da su ya karɓi kuɗi, ya fito da abin da za a kira ribar caca.

Kimanin dala miliyan 15 aka samu aka mayar wa Bangaladash a wannan shekarar. Babban bankin Filifin ya ci tarar RCBC peso biliyan ɗaya, kotu ta samu manajar reshen da laifi a 2019, ƙasar kuma ta gyara dokarta a 2017 ta shigar da gidajen caca. A 2018 Amurka ta tuhumi wani ɗan Koriya ta Arewa da hannu a kutsen. Abin lura a nan shi ne ƙwarewar kwamfuta ta ƙare aikinta a daren farko. Abin da ya rage duk takardun bogi ne, da ma'aikacin banki, da ɗan canji, da giɓin doka.

'Yan dakon kuɗi

Mafi yawan satar intanet ba ta kai ta Bangaladash girma ba, amma tarinta ya fi yawa nesa ba kusa ba. Cibiyar karɓar ƙorafi ta FBI ta lissafa asarar dala biliyan 12.5 a 2023, da biliyan 16.6 a 2024, kuma wannan abin da aka kai mata rahoto ne kawai. Daga cikin na 2023, fiye da biliyan 2.9 sun tafi ne ta damfarar imel, inda ake kwaikwayon shugaban kamfani ko ɗan kwangila a ce an canja lambar asusun da za a biya kuɗi.

Kowace irin wannan damfara tana buƙatar asusun da zai karɓi kuɗin, kuma ba zai zama na ɓarawon ba. A nan 'yan dako ke shigowa. Turawa na kiransu da sunan alfadari, dabbar da ke ɗaukar kayan da ba nata ba. Iri-iri ne. Akwai wanda ya san komai, yana sayar da asusunsa ko yana buɗe kamfanonin bogi don wannan aiki. Akwai wanda ya ga tallar aiki daga gida, aka ce masa zai zama wakilin biyan kuɗi na wani kamfanin waje, ya riƙa karɓa yana turawa yana cire ɗan kasonsa. Akwai wadda aka yaudara da soyayya, masoyin da ba ta taɓa gani ba ya ce asusunsa ya samu matsala, ta taimaka ta karɓar masa. Akwai kuma wanda aka saci bayanan katin shaidarsa aka buɗe asusu da sunansa bai sani ba.

Da kuɗin sun sauka, sai a fasa su ƙanana-ƙanana zuwa asusu na biyu da na uku, a cire wasu a na'urar cirar kuɗi, a sayi kirifto da wasu. Idan bincike ya zo, sunan da yake fara cin karo da shi na ɗan dakon farko ne, domin shi ne ya ba banki hotonsa da adireshinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Birtaniya hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 14, a Amurka shekara 20. Hukumar 'yan sandan Turai, Europol, tun 2016 ta riƙa shirya samame na musamman kan irin waɗannan mutane, ana gano dubbansu.

A saman 'yan dako akwai masu tara asusu, kuma su ne ainihin jijiyar harkar. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a 2020, kotu a Los Angeles ta yanke masa wata 135 a Nuwamban 2022. Laifin da ya amsa ba kutse ba ne, haɗa baki ne wajen halasta kuɗin haram. Cikin abubuwan da aka lissafa masa har da samar da asusun banki a Romaniya da Bulgeriya don karɓar kuɗin da aka sata daga wani banki a Malta a 2019, satar da Amurka ta danganta da masu kutsen Koriya ta Arewa. Mai kutse a wata ƙasa, mai asusu a wata, wanda aka yi wa sata a wata.

Kirifto: ana gani, ba a iya kamawa

Mutane da yawa na ɗauka bitcoin kuɗin sirri ne. Ba haka ba ne. Kowane ciniki ana rubuta shi a wani kundi na bai-ɗaya da kowa ke iya dubawa, kuma ba a gogewa. Abin da babu a kundin shi ne suna. Lambobi ne kawai. Muddin ba a haɗa lamba da mutum ba, kallo kawai za a yi, kuma babu wani manaja da za a kira ya dakatar da tura bitcoin. Wanda ke riƙe da mabuɗin sirri shi ne mai kuɗin.

Rauni yana wurin fita. Ranar da ɓarawon ya so mayar da kirifto zuwa kuɗin da zai sayi gida, dole ya bi ta kamfanin musaya ko dillali, kuma manyan kamfanonin yanzu suna neman katin shaida. Labarin kamfanin musayar kirifto na Bitfinex ya nuna wahalar. A Agustan 2016 aka saci bitcoin 119,754 daga kamfanin, darajarsu a lokacin kimanin dala miliyan 71. Ilya Lichtenstein, wanda ya yi kutsen, da matarsa Heather Morgan sun shafe fiye da shekara biyar suna ƙoƙarin wanke su ta kasuwar ɓoye ta AlphaBay, da asusun bogi, da katunan sayayya, da tsabar zinare. Duk da haka kusan kashi ɗaya cikin biyar suka iya motsawa. A farkon 2022 masu bincike suka samu mabuɗan a wani fayil da Lichtenstein ya ajiye a intanet, suka ƙwace bitcoin fiye da 94,000, waɗanda darajarsu ta kai dala biliyan 3.6 a ranar. An yanke masa shekara biyar a 2024. Haka a 2021, bayan kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya biya fansar bitcoin 75, hukumomin Amurka sun bi sawu sun ƙwato 63.7.

Masu wanki sun koyi darasi. Suna amfani da manhajar gauraya, wadda ke tara kuɗin mutane da yawa wuri ɗaya ta fitar wa kowa nasa ta sabuwar lamba, yadda ba za a ce wannan ne ya zama wancan ba. Suna tsallakawa daga wannan nau'in kirifto zuwa wancan ta gadojin da ba sa tambayar suna. Suna kuma son kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala, musamman USDT, don ba ya hawa da sauka. Sai dai wannan yana da kamfani a bayansa, kuma kamfanin na iya daskarar da shi: a Nuwamban 2023 Tether ta daskarar da dala miliyan 225 da aka danganta da gungun 'yan damfara a Kudu maso Gabashin Asiya. Wannan ne ya sa manyan ɓarayi ke gaggawar juya abin da suka sata zuwa nau'in da babu mai iko da shi.

Wanki ya zama sana'a

A yau mai kutse ba sai ya iya wanki ba, akwai masu yi masa a kan kaso. Tun a 2013 Amurka ta rufe Liberty Reserve, wani tsarin tura kuɗi da ke Kosta Rika wanda ake buɗe asusu a cikinsa da kowane suna, ta ce dala biliyan 6 sun bi ta cikinsa. A 2025 ma'aikatar kuɗin Amurka ta ce rukunin kamfanonin Huione na Kambodiya ya wanke aƙalla dala biliyan 4 tsakanin 2021 da farkon 2025, ta ɗauki matakin yanke shi daga tsarin kuɗinta. Yankin nan na Kudu maso Gabashin Asiya ne kuma ke da sansanonin damfara, inda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2023 cewa ana tsare da mutum aƙalla 120,000 a Miyanma da kusan 100,000 a Kambodiya, ana tilasta musu yaudarar mutane ta waya. Wani lokaci ke nan wanda ya turo saƙon yaudarar shi ma a kulle yake.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Muhawarar farko kan sirri ce. A Agustan 2022 Amurka ta sa wa manhajar gauraya ta Tornado Cash takunkumi, ta ce an wanke fiye da dala biliyan 7 ta cikinta tun 2019, ciki har da sama da miliyan 455 da gungun Lazarus na Koriya ta Arewa ya sata. Hujjar hukuma ita ce duk wanda ya ƙera abu, ya ga ɓarayi na amfani da shi, bai sa wani shinge ba, yana da nasa alhakin. Masu adawa suka ce adadin ya haɗa da kuɗin halal masu yawa, kuma a kundin da kowa ke gani, mai albashi ko mai ba da gudummawa yana da dalilin ɓoye harkarsa. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin kirifto na Ethereum, ya ce shi kansa ya yi amfani da manhajar wajen aika taimako Yukiren. Kotuna ma ba su yi magana da murya ɗaya ba. A Holan an yanke wa Alexey Pertsev, ɗaya daga cikin marubutan manhajar, wata 64 a Mayun 2024. A Nuwamban wannan shekarar wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce manhajar da babu mai iya canja ta ba dukiyar kowa ba ce, don haka dokar takunkumi ba ta hau kanta ba, kuma a Maris ɗin 2025 aka janye takunkumin. A Agustan 2025 masu taya alƙali hukunci a New York suka samu abokin aikinsa Roman Storm da laifin gudanar da harkar tura kuɗi ba lasisi, amma suka kasa cimma matsaya kan tuhumar halasta kuɗin haram.

Ta biyu ita ce ko kirifto ne tushen matsalar. Masu cewa e suna nuna kuɗin fansa, wanda kusan duka da kirifto ake biya, da kuma yadda Koriya ta Arewa ke samun kuɗi duk da takunkumi. Suna kuma tuna cewa kamfanin musayar kirifto na Binance ya amsa laifi a Nuwamban 2023 ya yarda ya biya dala biliyan 4.3 saboda sakaci da dokokin nan. Masu cewa a'a suna nuna cewa bankuna na gargajiya ba su fi tsabta ba. Kimanin yuro biliyan 200 ne suka bi ta ƙaramin reshen bankin Danske a Estoniya tsakanin 2007 da 2015, yawancinsu abin zargi, kuma babu kirifto a ciki. Idan aka duba shari'o'in da aka kammala, kuɗin kan bi hanyoyin biyu ne a tafiya ɗaya: su fara a banki, su ratsa kirifto, su ƙare a banki.

Ta uku ta fi zafi: shin tsarin gaba ɗaya yana aiki kuwa? Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuffuka ya ƙiyasta cewa kuɗin da ake wankewa a shekara sun kai kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na arzikin da duniya ke samarwa, kuma rahotonsa na 2011 ya ce abin da ake ƙwacewa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masu suka na cewa bankuna na kashe maƙudan kuɗi suna tara takardu da rahotannin da ba mai karantawa, manyan ɓarayi na wucewa, ƙananan mutane ne ke shan tambaya. Masu kare tsarin na cewa ba a auna shinge da yawan waɗanda aka kama a kansa kawai. Idan mutum ya riƙe biliyoyi shekara biyar ya kasa kashewa, ko ya sayar da su da rangwame mai yawa ga dillali, shingen ya yi wani aiki.

Sai batun iyakoki. Kuɗi na tsallaka ƙasa uku cikin awa ɗaya, takardar neman taimakon shari'a tsakanin ƙasashe kuwa tana cin watanni. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 ta yi ƙoƙarin rage wannan tazara, amma Rasha da Sin ba sa ciki. A Disamban 2024 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sabuwar yarjejeniya kan laifukan intanet, aka buɗe ta don sa hannu a Hanoi a Oktoban 2025, kuma za ta fara aiki idan ƙasashe 40 suka tabbatar da ita. Magoya bayanta na ganin za ta hanzarta musayar shaida da ƙwato dukiya. Ƙungiyoyin kare haƙƙi da wasu kamfanonin fasaha na fargabar gwamnatoci za su yi amfani da ita wajen bibiyar 'yan jarida da 'yan adawa.

Abin da ya shafi mai asusu

Yawan tambayar da banki ke yi, da neman katin shaida da hoton fuska da hujjar inda kuɗi suka fito, daga nan suka samo asali. Tun 2019 FATF ta ce kamfanonin kirifto su ma su riƙa tura sunan mai aikawa da mai karɓa tare da kuɗin, kamar yadda bankuna ke yi. Ƙasar da ta yi sakaci ana sa ta a jerin waɗanda ake sa wa ido, kamar yadda ya faru da Filifin daga 2021 zuwa 2025, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa daga 2022 zuwa 2024, da Najeriya da Afirka ta Kudu daga 2023 zuwa 2025. Shiga jerin kan sa bankunan waje su ƙara bincike kan duk kuɗin da ya fito daga ƙasar, tura kuɗi ya ƙara jinkiri da tsada. Wasu bankunan ma sukan ga ya fi sauƙi su rabu da ƙananan kamfanonin aika kuɗi da ƙungiyoyin agaji gaba ɗaya. Idan haka ta faru, mutane kan koma hanyoyin da babu rajista, inda mai bincike ba ya ganin komai.

Waye zai ɗauki asarar idan an damfari mutum ya tura kuɗi da hannunsa? A yawancin ƙasashe shi ne. Birtaniya ta canja wannan daga 7 ga Oktoban 2024: banki zai mayar wa wanda aka yaudara har fam 85,000, sai in an nuna ya yi mummunan sakaci, kuma bankin da ya tura da wanda ya karɓa ne za su raba biyan rabi da rabi. Hikimar ita ce bankin da ya bar ɗan dako ya buɗe asusu shi ma ya ji a jikinsa. Bankuna sun yi ƙorafin hakan zai sa mutane su rage taka-tsantsan, wasu ma su haɗa baki su yi ƙaryar an damfare su. Abin da ya biyo baya a fili shi ne ƙarin tsare kuɗi a hanya da ƙarin rufe asusun da aka yi zargi.

Rufewar ba ta tsaya kan masu laifi ba. Mai sayar da kirifto kai-tsaye ga mutane, ko mai sayar da waya ko mota, na iya karɓar biya daga asusun ɗan dako bai sani ba. Idan mai kuɗin asali ya kai ƙara, ana bin sawu ne asusu bayan asusu, kuma nasa na cikin layin. Alamar da ta fi yawan fitowa a irin wannan ciniki ita ce sunan mai biya ya bambanta da na mai saye, ko a turo fiye da kuɗin kaya a ce ya mayar da ragowar zuwa wani asusu daban. A Birtaniya wanda aka samu asusunsa da dakon kuɗi ana iya sa masa alama a rumbun bayanan da bankuna ke dubawa har tsawon shekara shida, abin da kan hana shi buɗe sabon asusu ko samun bashi ko da ba a kai shi kotu ba.

Ga wanda aka yi wa sata kuwa, sa'o'in farko ne ke yanke hukunci. Tsarin da FBI ke amfani da shi wajen tare kuɗin da aka tura ƙasar waje ya fi aiki idan rahoto ya zo cikin kwana uku, lokacin da akwai yiwuwar kuɗin na nan a asusun farko. Bayan an fasa su an juya su, abin da ya rage shari'a ce, kuma ko an ƙwato wani abu, rabonsa ga masu shi kan ɗauki shekaru. A wannan jiran ne wasu kan sake faɗawa hannu, domin akwai masu bin waɗanda aka damfara suna cewa su lauyoyi ne ko ƙwararrun bin sawun kirifto, za su dawo da kuɗin idan aka biya kuɗin aiki tukuna. Sau da yawa sunan mutum da lambarsa da adadin da ya rasa sun same su ne daga gungun da ya damfare shi da farko, kuma kuɗin aikin da zai biya asusun wani ɗan dakon za su faɗa.